Kundin da ke isowa Batsari gunduwa-gunduwa



Makon jiya a kan barcin yara muka tattauna, amma da na leƙa sharhin da kuka ajiye a ƙasa sai na tarar fiye da rabinsa ba a kan barcin ba ne, a kan abin da ke hana shi ne, wato waya da waƙa. Wata baiwar Allah da ta ce daga Safana take rubutu ta yi tambaya kai tsaye: ɗanta ɗan shekara 16 ba ya rabuwa da waƙoƙin nan na masu zuba magana da sauri kamar ana bin su da bulala, shin ta ƙwace wayar ko ta zuba masa ido? Kafin in ce uffan wani ya riga ni, da gani matashi ne, ya ce mata, Hajiya da kin saurari kundin nasu gaba ɗaya da ba ki kira su 'yan iska ba.

Maganar yaron nan tana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai abin da ya manta. Wane kundi? A Batsari da Safana da Runka da Wagini, yaushe rabon da wani ya ji kundin waƙa tun daga ta farko har ta ƙarshe, a jere kamar yadda masu shi suka tsara? Kundi ba ya isowa nan da ƙafarsa. Kafin ya iso an riga an yanka shi kamar naman layya, kowa ya samu tsoka ɗaya, kuma da tsokar nan ake yanke wa dabbar hukunci, mai ƙiba ce ko ramammiya.

Bari in fara da yadda ake haɗa shi, domin iyaye da yawa suna zaton akwai wani babban kamfani a bayan yaran nan. Mafi yawansu babu kowa a bayansu sai Allah. Gambarar zamani, wadda masu ita ke kira hip hop, a Arewa sana'ar kai da kai ce. Samari ne huɗu ko biyar, 'yan unguwa ɗaya ko 'yan makaranta ɗaya, a Kaduna ko Kano ko Jos ko Bauchi. Ɗaya ya iya haɗa kiɗa a kwamfuta, ɗaya ya iya riƙe kyamara, sauran su rubuta baituka. Su yi karo-karo su biya situdiyo, su sayi man janareta, su kwana suna maimaita baiti ɗaya. Idan waƙoƙin sun kai goma ko sha biyu sai su zauna su jera su, kuma jerin nan ba da ka ake yin sa ba. Sau da yawa ta farko gabatar da kai ce, da cika baki irin na ɗan dambe kafin a shiga fage. A tsakiya akwai ta soyayya, da ta habaici ga abokan hamayya, da wadda aka yi don rawa kawai. Can wajen ƙarshe, lokacin da mai saurare ya saba da muryoyin, nan ake ajiye masu nauyi: ta uwa, ta zaman kashe wando bayan an gama karatu, ta abokin da ya rasu, ta garin da aka ƙona. Wanda ya bi jerin nan zai ga saurayi cikakke, da wautarsa da hankalinsa, da alfaharinsa da tsoronsa.

Daga nan sai su ɗora shi a Audiomack da Boomplay da YouTube, da Spotify da ta shigo Najeriya a 2021. Mai data a Kano ko Abuja zai buɗe ya ji abinsa. Mu nan hanyar daban ce. Tsakanin situdiyo da kunnen ɗanki akwai mutum ɗaya da ba a cika ambatonsa ba idan ana muhawarar tarbiyya, shi ne mai tura waƙa. Kun san shi sarai. Yana da teburi ko ɗan shago a bakin kasuwa ko tasha, da tsohuwar kwamfuta, da tarin wayoyin mutane da ya jona a caji. Ka miƙa memori, ka ba da 'yan canji, ya cika maka. Shi ne gidan rediyonmu, shi ne hukumar tace waƙoƙinmu, alhali babu wanda ya naɗa shi, shi ma bai san an ɗora masa wannan nauyi ba. Ba ya sauke kundi gaba ɗaya, don data tsada gare ta, sabis ɗin ma sai an yi sa'a. Wadda ya ji tana tashe a TikTok yake ɗaukowa, wadda idan ya sake ta a sifika yara za su taru a gaban teburinsa. Wadda ke tara yara kuwa ba ta uwa ba ce, ba ta garin da aka ƙona ba ce. Ta rawa ce, ko ta zagi, ko mai ɗauke da kalmar da ba a faɗa a gaban manya. Daga wayar farko sai ta bi Xender da Bluetooth ta shiga ƙauyuka, ta canja suna a hanya, wani lokaci har a manna mata sunan wani mawaƙin daban. Ƙarshenta, abin da uwa za ta jiyo ta taga shi ne rabin minti mafi zafi a cikin aikin watanni.

Kada a ce ina wanke su. Akwai masu gambarar da ko ka ji kundinsu sau goma daga farko har ƙarshe ba za ka tsinci komai ba sai batsa da tallan kai, kuma ba na son muryarsu a gidana. Abin da nake cewa shi ne, a halin da muke ciki ba mu da hanyar bambance waɗannan da waɗancan, domin duka a gunduwa suke iso mana.

Wanda ya san abin da ya faru a Kano tsakanin 2007 da 2010 zai gane cewa rikicin nan tsoho ne. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta jihar. A shekarar ce aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku a kan kundin bidiyonsa mai suna Bahaushiya, bisa cewa ya fitar da shi ba tare da hukumar ta tace ba, kuma akwai raye-rayen da ba su dace ba. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta saurare da sayarwa da yaɗa waƙoƙi 11. Cikinsu akwai Girgiza Kai ta Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gambarar zamani da Hausa a Kano. Waƙar martani ce ga kame-kamen da ake yi wa masu fim da mawaƙa a lokacin. Ina makarantar koyon aikin jinya sa'ilin, kuma ba a kaset muka same ta ba, ba a rediyo ba. Ta Bluetooth ta zo, daga wannan waya zuwa waccan a ɗakin kwanan ɗalibai. Labarin haramcin ne ma ya sa waɗanda ba ruwansu da irin wannan kiɗa suka riƙa cewa a tura musu su ji abin da ya tayar da hankalin hukuma.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni tausayi. A 2010 Ziriums ya fitar da cikakken kundinsa, This Is Me, ba tare da wani babban kamfani ya ɗauki nauyinsa ba, ya ɗora shi a shagunan intanet irin su iTunes da Amazon. To amma kantin waƙoƙin iTunes bai buɗe wa masu saye daga Najeriya ba sai a ƙarshen 2012. Ke nan Bahaushe mazaunin Landan ko New York yana iya saye ya saurara a jere, na Fagge ko na Batsari kuwa ko da kuɗin a hannunsa babu ƙofar shiga. Waƙa ɗaya da kotu ta hana ta zagaye Arewa kyauta, kundin da ya ci wa mai shi wahala kuma ya zauna a inda masu harshensa ba sa kaiwa. Ku tambayi sa'o'ina da suka san sunan Ziriums, za ku tarar waƙar nan ɗaya mafi yawansu suka riƙe.

Ko a Amurka, inda wannan kiɗa ya tsiro a unguwar Bronx ta New York a shekarun 1970, haka aka yi ta fama. A ƙarshen shekarun 1980 wani rukuni mai suna N.W.A daga Compton a Kalifoniya ya fitar da kundin Straight Outta Compton a ƙarƙashin ƙaramin kamfaninsu na Ruthless. Gidajen rediyo da yawa suka ƙi saka shi, a 1989 hukumar FBI ta aika wasiƙar nuna ɓacin rai a kan waƙarsu da ta zagi 'yan sanda, kundin kuma ya sayu miliyoyi. A 2017 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka shi cikin faya-fayan da ake adanawa saboda tarihi. Kundin yana ɗauke da kukan gaskiya a kan zaluncin da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata, yana kuma ɗauke da wulaƙanta mata da ɗaukaka bindiga da ba zan so ɗan da na haifa ya haddace ba. Duka biyun suna ciki, a faifai ɗaya. Su dai can sun samu damar jin duka kafin su yi ta jayayya. A gida kuwa Eedris Abdulkareem, wanda a Kano aka haife shi, ya gamu da fushin Shugaba Obasanjo a kan Jaga Jaga a 2004, aka hana saka ta a rediyo, kuma har gobe ita ce waƙarsa da kowa ya sani. A Senegal, 'yan rukunin Keur Gui na Kaolack suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a 2011, wadda ta fito da matasa yin rajistar zaɓe ta kuma yi adawa da tazarcen Abdoulaye Wade. Su ma da farko kallon 'yan tasha manya ke yi musu.

Kafin kuma mu ce baƙon abu ne da aka shigo mana da shi, mu waiwayi namu. Sunan da muka ba shi ma, gambara, daga wajen 'yan gambararmu na kasuwa aka aro shi, masu saurin baki da zambo da maganar da ke sa mata rufe fuska da mayafi. Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa a jiharmu, wanda ya rasu a 1999, yana da waƙar mashaya da kowa ya sani, yana da zambon da idan ya yi wa mutum sai ya ƙaurace wa gari, kuma dattawan da ke tsine wa yaran yau suna gyaɗa kai idan an saka shi a mota. Kassu Zurmi, can bayan daji a Zamfara, ya yi wa 'yan tauri da ɓarayi kiɗa. Muhammadu Gambu na ƙasar Kebbi da waƙar ɓarayi ya yi suna, kafin daga baya ya bayyana tubansa. Kakanninmu sun ji su duka, ba su zama ɓarayi ba, amma kuma sun san kirarin ɓarawo ba abin wasa ba ne, shi ya sa tuban Gambu ya zama labari.

Nan ne damuwata take, kuma ina roƙon iyaye mata su karanta wannan sashe sau biyu. Kunnenmu da kiɗa yake gane haɗari, ba da kalma ba. Da mun ji dukan gangar nan mai nauyi irin ta turawa da Hausa mai gauraye da Turanci, sai mu miƙe tsaye. Idan kuwa kiɗan irin wanda muka saba ji a gidan biki ne, muryar kuma ta gida ce, sai mu ci gaba da tankaɗe. Alhali tun da matsalar dajin Rugu ta tsananta ake yawo da waƙoƙin kirari ga jagororin 'yan bindiga a WhatsApp da TikTok, tare da bidiyon su kansu suna baje kuɗi da makamai suna dariya. Waɗannan ba da salon Amurka suke zuwa ba. Da salonmu suke zuwa, da karin harshenmu, da sunayen dazuzzukan da yaranmu suka sani. A ƙasar da a watan Fabrairun 2020 aka kashe mutane kusan 30 a Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya, inda gonakin rogo da gero na bakin daji suka zama sai wanda ya shirya mutuwa, ku auna mini: wanne ya fi kusa da zuciyar yaron da uban ya daina zuwa gona, ɗan Kaduna mai alfahari da takalminsa, ko waƙar da ke gaya masa cewa mai bindiga shi ne namiji? Na ga memorin da ke ɗauke da duka biyun a jere, uwar yaron kuma ta farkon kawai take yi wa faɗa.

Game da ƙwace waya, gwamnati ta riga ta yi mana gwajin, kuma da girman da babu uwar da za ta iya. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka kuma hana sana'ar cajin waya ta kuɗi. Watanni muka yi a haka. Mu a asibiti mun ji jiki, domin ko neman mai ba da jini sai an tura mutum da ƙafa, kuma ba a iya kiran likita idan naƙuda ta rikice da dare. Amma waƙa ba ta tsaya ba ko na mako ɗaya. Duk wanda ya shiga birnin Katsina sai ya dawo da memori cike, kafin magariba ta zagaye unguwa. Abin da katsewar ta yi shi ne ta ƙara wa mai tura waƙa ƙarfi, domin ɗan abin da yaro kan iya zaɓa da kansa ma ya tafi. Idan an rufe sabis na ƙaramar hukuma guda waƙa ba ta tsaya ba, ƙwace waya ɗaya ba abin da zai yi sai mayar da yaro ga wayar abokinsa, inda ke ba ki da ido.

Akwai wani ɓangaren da su kansu mawaƙan ya kamata su ji, idan akwai mai karanta wannan fili a cikinsu. Gambarar Hausa ta samu gata a shekarun nan. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta ba ta fili ta shirye-shiryen da Nomiis Gee ke gabatarwa irin su Zafafa Goma. Rukunin YNS, wato Yaran North Side na Kaduna, su DJ AB da Feezy da Zayn Africa da Geeboy, sun nuna cewa samari za su iya haɗa kansu su yi suna ba tare da sun jira kamfanin Legas ba, har daga baya DJ AB ya yi aiki da emPawa na Mr Eazi. Ga ClassiQ, ga Morell, ga BOC Madaki. Babu yaron da ke ɗaukar waya a Batsari da bai san wasu daga cikin sunayen nan ba. Amma ko sisi daga Batsari ba ya isa hannunsu. Kuɗin yana tsayawa a teburin mai tura waƙa. Saurarenmu ba ya shiga lissafin Audiomack ko YouTube, tunda daga waya zuwa waya ake yi. Ba a kawo wasan Sallah nan, wa zai tara jama'a da dare a bakin Rugu? Mu masu saurare ne da ba a ƙirgawa, wanda ba a ƙirga shi kuwa ba a yi masa waƙa. Mawaƙi yana duba alƙaluma ya ga wadda ta fi tafiya ita ce ta rawa da ta zagi, sai ya ƙaro irinta, ya rage masu nauyin da ba sa kawo komai. An yi waƙoƙi a kan rashin tsaro, ban musa ba, amma mafi yawansu daga nesa aka hango mu, kamar mai kallon gobara daga saman bene. Yadda ake kwana da takalmi a ƙafa, yadda ake sayar da akuyar ƙarshe a haɗa kuɗin fansa, yadda amarya ke tarewa da rana tsaka don ba a yarda da dare ba, wannan sai ɗan gida. Ina da yaƙinin a cikin yaran da muke yi wa faɗa akwai masu rubuta baituka a bayan littafin makaranta, kuma da za a tambaye ni, gara su rubuta wannan da su haddace kirarin wanda ya kore su daga gona.

Yanzu bari in sa farar rigata, domin wasu sun haɗa maganar da ƙwaya. Tun bayan binciken BBC na 2018 da ya sa gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, duk yaron da aka gani da abin saurare a kunne sai a ce ɗan ƙwaya ne. Samarin da ake kawo mana suna jijjiga saboda tiramadol, mafi yawansu ba waƙa ce ta kai su ba. Masu aikin ƙarfi ne da ke neman abin da zai kashe gajiya, da 'yan acaɓa, da waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba suka kasa barci. Waƙar da ke yabon maye tana rage wa abin muni a idon yaro, wannan gaskiya ne, amma alamun da ya kamata uwa ta sa wa ido ba a cikin sifika suke ba. Suna cikin raguwar cin abinci, da barcin rana mai nauyi, da saurin fushi, da ɓacewar ƙananan kuɗi a ɗaki, da sauya abokai farat ɗaya. Yaron da ke cin tuwonsa, yana sallarsa, yana zuwa makaranta ko wajen sana'a, yana kuma bin baitin da ke ba ki fahimta, ba shi ne mara lafiyata ba.

Ga amsata gare ki, 'yar uwa ta Safana. Kada ki ƙwace, kada kuma ki zuba ido. Ki zaɓi lokacin da ba faɗa kuke yi ba, ki ce ya kunna miki wadda ya fi so, ki saurara har ta ƙare ko da kanki zai yi ciwo. Sannan ki ce ya maimaita miki kalmomin a hankali, da bakinsa, da Hausar da kike ji. Baitin da ya kasa faɗa a gabanki shi da kansa ya yanke masa hukunci, ba sai kin ɗaga murya ba. Wanda ya faɗa kuma ya yi miki bayani, wataƙila ki ji abin da ya daɗe yana son gaya miki bai san ta inda zai fara ba. Ki tambaye shi sauran waƙoƙin kundin, ina suke? Idan bai taɓa jin su ba, ki ba shi kuɗin data ko na turi ki ce ya kawo duka ku ji. Bayan haka ki nemi ganin sauran abin da ke cikin memorin, musamman bidiyoyin da aka turo ta WhatsApp da waƙoƙin da kiɗansu bai tayar miki da hankali ba. Iyaye maza kuma, mai tura waƙa ɗan unguwa ne, kun san ubansa. Ku tsaya a teburinsa ku gaisa, ku gaya masa kirarin 'yan bindiga ba haja ba ce. Da yawansu ba su taɓa jin wani babba ya ce musu haka ba.

Saura maganar kunnen kansa, wadda ita ce ta fi kusa da aikina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'auninta ga babba shi ne ƙarar da ba ta wuce desibel 80 ba, na awa 40 a mako, kuma da ƙarar ta ɗan haura sai lokacin ya ragu sosai. Tunda ba mai yawo da na'urar awo, shawara mai sauƙi ita ce kada ƙarar waya ta wuce kashi 60 cikin ɗari. Idan kina zaune kusa da shi kina jin abin da yake ji alhali abin yana cikin kunnensa, ya yi yawa. Idan ya cire yana jin ƙugi ko shuu, kunnen ne ke kuka, kuma ƙwayoyin jin da ke can ciki idan sun mutu ba sa dawowa. A daina karɓa-karɓar abin saurare tsakanin abokai, yana yaɗa ciwon kunne, mun sha wanke masu ruwa.

Da dare kuwa, a garuruwanmu, kunne kayan tsaro ne. Haushin kare, ƙarar babura daga nesa, kiran maƙwabci ta katanga, su ne ƙararrawarmu. Wani saurayi da na yi jinya ya gaya mini cewa tun daren da aka shiga ƙauyensu ba ya iya runtsawa sai ya toshe kunnuwansa biyu da waƙa, domin shiru ne ke dawo masa da abin. Ban ce ya daina ba, domin na san abin da yake gudu, kuma mun haɗa shi da wanda zai riƙa magana da shi. Abin da na roƙe shi kawai shi ne ya rage ƙara, ya sa a kunne ɗaya, ya bar ɗayan a buɗe saboda mahaifiyarsa da ƙannensa da ke ɗaki na kusa.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, za mu taɓo zazzaɓin damina da masu sayar da allura a kasuwa.